Kayan Kuizin da Suka Kai Ni Daura

Tun da na dawo ban huta ba. Wadda ta shigo gaisuwa sai ta leƙa kuizin, wadda ta zo aron turmi sai ta leƙa kuizin, kuma tambayar kowa ɗaya ce: "Saude, wai da gaske har Najeriya kika tahi sayen labule da huren roba? Ya hanya? Ya mutanen can?" Na gaji da ba da labari guntu-guntu, ina yi tukunya tana ƙonewa. To ga shi nan gaba ɗaya, wadda ta ji ta ƙara wa wadda ba ta ji ba.

Maigidana ne ya tada zancen. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Mayahi, har yau kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Da ya bar aiki ya rasa abin yi, sai ya juyo kan madafata. Ya sa aka rushe 'yar rumfar da na tsufa ina girki a ciki, aka tada ɗakin siminti, aka manna karo farare a ƙasa da rabin bango, aka huda taga, aka kafa kanta, har da tukunyar gaz. Yara suka raɗa masa suna kuizin. Ranar da magina suka gama na shiga na tsaya. Fari fat, fayau, kamar ɗakin allura. In na yi tari sai bango ya amsa mini.

Wannan shi ne dalilin da na ba mutane. Akwai wani kuma.

Ɗiyata ta fari tana aure a Daura. Kun san al'adarmu: ba na faɗin sunanta, ba na zama kusa da ita a gaban mutane, kuma tun da aka kai ta ban taɓa taka gidanta ba. A gida Ta-Daura muke ce mata. Bayan ƙaramar salla cikinta na fari ya zube, cikin da ya riga ya girma har an fara ɗinka 'yan riguna. Ƙanwata aka tura jaje, ta dawo ta ce da sauƙi. Amma in ƙannenta sun kira ta a salula, ni ina gefe ina tsince wake kamar ba saurare nake ba, muryar da nake ji ba ta mai sauƙi ba ce. "Lahiya lau," shi ke nan, sai shiru. Yarinyar da a da in ta fara zance sai an ƙwace salular.

Wata safiya na kai wa Mushe shayi na ce, "Kuizin ɗin nan yana son kayan ado. Labule, da maratayin ludayi, da 'yan gwangwanaye."

"To, ranar kasuwa ki duba."

"Babu a Mayahi."

"Tasawa fa?"

"Na Tasawa ba su da aminci."

"Maraɗi?"

"Tsada."

Ya sauko da tabarau, ya dube ni ta samansa yadda yake duban ɗan lakwal da ya ce akuya ta cinye masa littafi. "To ina ne suke da arha da aminci?"

"An ce Daura."

"Daura," in ji shi. Ya mayar da tabarau. "Lalle na sha jin ana yabon ludayin Daura. Allah shi kiyaye hanya."

Na yagi bakin wani tsohon zane na auna taga, na ƙulla ƙulli a tsawo, na ƙulla a faɗi, na soke a ƙugu. Sannan na haɗa jaka: kuka, daddawa, kanwa, cuku, kilishi, gero, da kwalbar man shanu. Mai zuwa sayayya da jaka wofi aka san ta. Tawa sai da aka taya ni ɗagawa.

Motar Tasawa irin wadda aka ƙera don mutum sha tara ce, amma direbanmu bai yarda da lissafin Nasara ba. Aka matse ni da wata mata daga wajen El Alasan Mairerai, ta rungume zabi za ta kai kasuwa. Muna cikin tafiya igiyar ƙafar ɗaya ta tsinke. Zabuwa ta tashi cikin mota, ta mari wannan da fiffike, ta taka wancan, ta sauka bisa rawanin wani dattijo tana kuka kamar ita aka zalunta. Kowa ihu, babu mai dabara. Ni kuwa matar Mushe, dole in nuna na fi su hankali. Na cafke ta, na zaro ƙyalle daga ƙugu, na ɗaure ƙafafunta tamau. Aka yi ta sa mini albarka, ina ta fankama. Sai da matar ta ɓace cikin tashar Tasawa na tuna tagar kuizin ɗina ce ta tafi a ƙafar zabuwa.

Ina zaune ina jiran motar Korgom sai na ji an ce, "Madam! Madam ce?" Ila ne, wani tsohon ɗalibin Mushe, yanzu yana da kanti a bakin tasha. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi inda na nufa. Baki bai da linzami, na ce kayan kuizin zan sayo.

"Allahu akbar! Madam, ai kin iso."

Ya ja ni kantinsa. Jama'a, duk abin da na ce babu a Tasawa yana nan jibge har rufi. Ya fito da labule, na ce ya cika ja. Ya fito da wani, na ce ya cika kore. Ya kawo maratayin ludayi, na ƙwanƙwasa na ce ƙarfen bai nuna ba, kamar ƙarfe gwanda ne. Gumi ya karyo masa, ni ma ya karyo mini.

"Madam, wai wane iri kike so?"

"Irin na Daura."

"Wallahi daga wajen can na saro su, ko wata ba a yi ba."

"To ka gani," na ce, "sun sha hanya."

Ya dube ni, ina jin yana tausayin Mushe. Ya ba ni matacin shayi kyauta in kai wa malaminsa. Matacin nan sai da ya je Daura ya dawo.

A Korgom na tarar motar bakin iyaka ta tashi, sai kabu-kabu. Mai babur ɗin dattijo ne mai furfura a gemu, ya ce, "Inna, hanyar rairayi ce, ki raba ƙafa ki riƙe ƙarfe." Na ce ban taɓa zaman maza ba, ba kuma zan fara a Korgom ba. Na zauna a karkace kamar amaryar da za a kai, jaka a cinya. Mun ɗan yi nisa babur ya shiga rairayi ya yi rawa, ni kuma na zame na sauka a hankali, kamar buhun da aka ajiye. Shi bai ma sani ba, sai da ya ji babur ya yi sauƙi ya waiwayo. Ban ji ciwo ba, amma murfin kwalba ya buɗe, rabin man shanu ya bi zanena. Na hau na raba ƙafa, shi kuma ya yi mini sutura ya kau da kai. Haka na isa iyaka ina ƙamshin man shanu da daddawa, ƙudajen ƙasa biyu suna yi mini rakiya.

A ɓangarenmu ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya buɗe jaka ya ce, "Inna, ina zuwa?"

"Sayen kayan kuizin."

Ya ɗaga kuka, ya ɗaga kanwa, ya shinshina daddawa. "Sayowa za ki yi ko kaiwa?" Na dubi sama. Ya ɗan yi murmushi, ya ɗaure mini jakar da hannunsa, ya ce in sauka lafiya.

A ɓangaren Najeriya aka kama ni da gaske. Jami'in ya duba katina, ya ce, "Mama, wurin wa za ki sauka a Daura?" Can ba Inna suke cewa ba, Mama.

"Wurin wata yarinya."

"Sunanta?"

Ga mutane a bayana suna jira. Na ce, "Mai sunan ɗiyar Ma'aiki ce, tsira da aminci su tabbata a gare shi."

"Ai huɗu ne, Mama. Wacce?"

Na kau da ido gefe.

"To sunan mijinta?"

Suruki kuma! Na ja mayafi na rufe baki. Ya ajiye alƙalami, ya jero sunayen ɗaya bayan ɗaya yana kallona, da ya zo kan wadda nake nufi na sunkuyar da kai. Ya kwashe da dariya ya ce wa abokin aikinsa, "'Yar fari ce. Kakata ma haka take yi." Kakarsa! Na karɓi katina na wuce, ina lissafin ko na kai haihuwar uwarsa.

Na canza kuɗi, aka ba ni damin takardu har sai da na ji kamar in sayi mota. Na sayi ruwa da ƙosai, na dawo hayyacina.

Da la'asar keke mai ƙafa uku ta ajiye ni ƙofar gidan surukan. Gida ne babba, sashen yarinyar yana ciki. Uwar mijin, Hajiya, mace ce mai jiki da murya, in ta yi raɗa ana ji a zaure. Ta rungume ni da man shanun da komai, ta ce, "Sai yau, 'yar'uwa? Sai yau?" Na ce ai labule na zo saye, na ga bai kamata in wuce ban gaishe ta ba.

Sai ga yarinyar ta fito. Ta durƙusa nesa ta ce, "Inna, sannu da hanya." Wuyanta ya yi tsawo, zoben hannunta yana yawo a yatsa. Na ga wannan duka a kallo ɗaya, sannan na mai da ido kan bango na ce, "Yauwa. Kasuwar kayan kuizin da nisa daga nan?"

Abin da na iya faɗa ke nan, bayan na ƙetare ƙasa.

A ɗakin Hajiya na sauka. Mutanen can Hausawa ne kamar mu, amma Hausarsu ta sha wani ruwa. Kuizin kicin ne, robine famfo ne, lakwal makaranta ce. Shayinsu ba a ɗan kofin gilashi yake ba, a wani moɗa ne kamar za a yi alwala, da madara da burodi. Aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji, na ci loma biyu hawaye suka zubo, na ce mura ce ta hanya. Na roƙi fura, aka kawo mini wadda inji ya dama, da ƙanƙara da sukari, a kofin roba. Fura ce, amma ta yi boko. Da magariba kuma yaran unguwa suka ɗauki ihu gaba ɗaya, "Wuta! Wuta!" Na zabura na suri bokiti na yi tsakar gida. Ashe lantarki aka kawo. Hajiya ta yi dariya har ta riƙe gwiwa.

Surukin ma ya zo. A Mayahi suruki daga bayan zana yake tsugunawa ya yi gaisuwa ya gudu. Wannan ya shigo har ɗaki, ya zauna, yana ce mini Mama, yana tambayata ya hanya, ya Baba, ya damina. Yaron kirki ne, shi ma duk ya faɗa. Ni dai bango na yi ta amsa wa.

Da safe Hajiya ta matso ta yi irin raɗar nan tata. "'Yar'uwa, yarinyar nan ba ta ci, ba ta fita, ba ta kuka. In na yi magana ta ce to. Likita ya ce jiki ya warke. Ni na yi iyakar yina."

"Ni labule na zo saye," na ce.

"Na sani. Ni kuwa gwiwa ba ta kai ni kasuwa." Ta ɗaga murya. "Amarya! Ɗauko mayafi ki raka Mamanki, ke kika san masu kayan kicin."

Muka fita, ita a gaba ni a baya, da tazarar da jaki zai wuce tsakaninmu. Muka shiga layin masu kayan roba. Na zaɓi gwangwanaye masu rubutun Ingilishi, ni da ko Faransanci na Mushe ne. Na zaɓi ledar tebur mai hoton 'ya'yan itacen da ban taɓa gani ba, da maratayi, da agogon bango mai siffar kasko, da furannin roba, da mangwaron roba. Duk abin da na ɗaga sai ta ce, "To, yana da kyau." Wannan yarinya da tun tana ƙarama ba a saya mata ɗankwali ba ta kushe ba! Sai na fara ɗauko munana da gangan. Na ɗaga wani labule ruwan lemo mai furanni shuɗi da ja, wanda in aka rataya shi ko ɓarawo ba zai shigo ba.

"Wannan fa?"

"To, yana da kyau."

Na biya, na saka a jaka.

A kanti na gaba na hango wani abu da ya burge ni tsakani da Allah. Wani ɗan gidan roba ne fari dogo mai zanen ruwan zinari, da buroshi mai dogon hannu a cikinsa. Na ce wa mai kantin, "Kai, mutanen Najeriya akwai dabara! Buroshin in wanke tulu da kula, gidan kuma in zuba ludaya a kan kanta." Mutumin ya yi tari. Na ɗauka tarin ciniki ne. Na jawo wata kular abinci da ke gabansa, na zura buroshin ina gwada masa yadda zai kai har gindi, ina cewa ya faɗi gaskiya in sayi biyu, ɗaya na tuwo ɗaya na miya.

"Inna," in ji yarinyar a hankali.

"Bari in gama ciniki."

"Inna, na masai ne."

"Na mi?"

"Na wanke masai."

Na tsaya da buroshi a cikin kula. Mai kanti ya duƙa wai yana neman wani abu a ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Sai na ji wani sauti a gefena, kamar an buɗe tulun da ya daɗe a rufe. Dariya take yi. Ta riƙe ciki, ta jingina da tarin robobi, tana cewa, "Ɗaya na tuwo, ɗaya na miya!" Ta yi ta yi har numfashinta ya sarƙe, kuma ban san inda dariyar ta juya ba, sai na ga bakinta ya karkace, ta sulale ƙasa tana kuka irin wanda ake yi da dukan jiki.

Ban tuna da al'ada ba, ban tuna da kasuwa ba. Na yar da buroshi, na zauna a ƙasa, na buɗe mayafina na rufe mu biyu. Ta sa kai a ƙirjina.

"Inna, namiji ne. Sun nuna mini shi. Har da gashi."

"Yi kukanki," na ce. "Ni ma bayanki na rasa ɗaya, ban taɓa gaya miki ba. Ban yi kuka ba, don an ce kada in yi, na shekara ina jin dutse a nan. Ke yi naki."

Mai kantin nan, Allah ya saka masa, ya jawo benci ya tare ƙofa, ya juya mana baya, duk wanda ya zo sai ya ce ya leƙa maƙwabci. Mun daɗe a ƙarƙashin mayafin. Da ta lafa ta share fuska da bakin zanena, ta shinshina, ta ce, "Inna, man shanu kike wari." Can kuma ta ce yunwa take ji. Na sayi masa da miya wurin wata mata, ta cinye ta ƙara. Tana gamawa ta zaro labulen nan daga jaka, ta ɗaga shi ta ce, "Wannan ko jaki aka yafa wa sai ya kai ƙara. Tashi mu mayar." A raina na ce alhamdu lillahi, mai kushe ta dawo.

Ba zan iya roƙon suruki ba, don haka Hajiya na samu. Na ce kayan nan na zamani ne, ban san yadda ake kafa su ba, ko za a ara mini wadda ta iya. Hajiya ta kira ɗanta ta ce, "Mamanku tana son ma'aikaciya." Ya dubi matarsa, ya ga tana tauna kilishi, ya ce ta je ta zauna har sai ta gaji.

Dawowa ta fi zuwa sauƙi, don akwai mai hana ni nuna hankali. A iyaka wani ma'aikaci ya latsa mangwaron roba ya ce bai nuna ba. A kan kabu-kabu na raba ƙafa tun ba a ce ba, amma na riƙe furannin roba a hannu don kada su karye, iska ta yi ta tsinke kawunansu, na isa Korgom da tsinke. A Tasawa na ja mayafi don kada Ila ya gan ni, sai ga shi a jikin taga yana leƙen kayana.

"Madam, ai irin nawa ne sak!"

"Waɗannan sabbi ne," na ce, na dubi gaba.

Mushe yana zaune ƙofar gida muka sauka. Ya ga wadda ta biyo ni, ya miƙe tsaye, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Kasuwa ta yi kyau."

Ita ta kafa komai. Labulen da na auna da ƙwaƙwalwa ya rufe rabin taga, sauran rabin rana tana shigowa abinta. Gwangwanayen kuwa, ranar da na cika su da kaina Mushe ya sha shayi da gishiri. Kuizin ya yi kyau har na ji tsoron ɓata shi, na koma gindin bishiyar bedi na kafa murhu, ita ce ke shiga ta kunna gaz. Ina daga waje ina jin tana faɗa da ƙannenta a kan wanda ya taɓa mata agogo. Ta zauna har kumatu suka dawo, har mijin ya fara kira safe da yamma.

Ranar komawarta ƙannenta suka ɗauki kaya suka raka ta tasha. Uwa ba ta rakiyar 'yar fari, don haka na ce Allah ya kiyaye daga bakin murhu, ina hura wutar da ta riga ta kama. Da suka fita gidan ya yi tsit. Na shiga kuizin na fito, na sake shiga. Na ɗauki ludayi na ajiye, na ɗauki murfin kwano na ajiye, ina neman abin da zan ce ta manta. Mushe yana kan tabarma yana kallona.

"Saude."

"Na'am."

"Tahi kawai. Babu wanda ya tambaye ki dalili."

Na ɗauki mayafi na fita hannu wofi. Motar ba ta cika ba, tana zaune a benci ƙarƙashin rumfa. Rabin matan Mayahi suna tashar ran nan, duk sun san ni, duk sun san ko ita wace ce. Na ratsa su na je na zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. Ta dube ni, ta dubi hannuna.

"Inna, mi na manta?"

"Ba ki manta komai ba," na ce. "Matsa mini, rana tana dukana."